Juma'ar da Aka Ce Ƙasa Za Ta Tsage

Ina cikin rumfata a kasuwar doya ta Salaga, ina ware masu tabo daga masu lafiya, 'yata ta kira ni daga Akra. Da hantsi ne, sabuwar doya ta fara shigowa, ko'ina laka saboda ruwan da aka kwana ana yi. Ita ce 'yar farina, don haka ko a rubuce ba zan kama sunanta ba. Ban ji sallamarta ba, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

"Mma, ƙasa ta motsa."

Na ce, "Wace ƙasa?"

"Ƙasar da muke kai. Gidan gaba ɗaya."

Ta ce tana tsaye a kicin tana feraye rogo sai ta ji rugugi, kamar wata ƙatuwar lori na wucewa ta ƙarƙashin gidan. Kofuna suka yi ta karo da juna, ruwan bokiti ya yi tsalle ya zuba. Kafin ta gama salati abin ya tsaya. Maƙwabta suka rugo ƙasa, wata ko ɗankwali babu. Ita kam ba ta iya gudu ba, sai ta rungume bakin ƙofa, domin cikinta ya kusa wata bakwai.

Cikin nan shi ne duk abin da muke lallaɓawa. Shekararta huɗu da aure, ta yi ɓari sau biyu. Mijinta mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai kawaici, kuma suna haya a hawa na uku na wani bene da aka kafa a jikin tudu, yamma da birnin. Sau ɗaya na je. Na tuna yadda na riƙa hutawa a kan matakala, da yadda na leƙa ta taga na ga rufin gidajen mutane a ƙarƙashina, har jiri ya ɗebe ni.

Mu jikokin fataken goro ne. Na taso ina jin labarin tsoron hanya iri-iri a bakin kakata: 'yan fashi, kogi da ya cika, cutar da ke kwantar da ayari. A rayuwata na ga gobara, na ga ambaliya, na ga fari. Amma ban taɓa jin wani namu ya ce ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsa ba. A makarantar allo kaɗai na san girgizar ƙasa, cikin alamun tashin kiyama. Ranar nan na sayar da doya ban san yadda na sayar ba.

Bayan mako guda na ɗora kaya zuwa Bawku, kamar yadda na saba duk damina: in kai doya, in dawo da gero da wake. Na sa yaran mota su wuce da kayan, ni na ya da zango a Yendi wurin ƙanena. Malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, kuma shi ne mai bokon gidanmu, ko da yake ni ma na gama makarantar midil kafin a yi mini aure. Matarsa ta kawo mini tuwo da miyar ayoyo, na ci loma uku na ture.

"Yaya, wannan zancen ne har yanzu?"

Na ce shi ne.

Ya jawo kujera kusa da ni, ya buɗe wayarsa. Taswirar duniya ce, an yayyafa mata ɗige-ɗige, wasu rawaya, wasu ja. Ya ce kowane ɗigo girgizar ƙasa ce da ta auku yau ko jiya. Akwai na'urori da aka binne a ƙasashe da yawa, suna jin motsin ƙasa kamar yadda likita ke jin bugun zuciya, su aika labari, cikin 'yan mintoci ɗigo ya fito. Ya nuna mini yadda ɗigon suka yi jerin gwano a gefen wani babban teku, can wajen Japan da Indonesiya, da kuma ɗaya gefen, wajen Amurka ta Kudu.

"Yanzu dubi namu ɓangaren," in ji shi. Ya ja taswirar da yatsa har Afirka ta Yamma ta cika fuskar wayar. Fes take, ko ɗigo ɗaya babu. "Kin gani? Mu Allah ya ajiye mu a wuri mai sauƙi. Wajen Akra akwai tsofaffin tsagu a cikin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, lokaci-lokaci sukan ɗan gyara zama. Shi ne abin da ta ji."

Na ce ya nuna mini ɗigon ranar da 'yata ta kira. Ya koma baya, ya duba, ya sake dubawa. Babu. Ya ce wataƙila ƙarama ce ƙwarai, kuma na'urorin ba su da yawa a yankinmu, ba kowace ce ke hawa wannan taswira ba.

Shi ya faɗi haka ne don in ji sanyi. Ni kuwa abin da na ji shi ne: wadda ta zubar da ruwan bokiti, ta kori mata waje ba ɗankwali, ita ce ba ta ma isa a rubuta ba. To yaya wadda ta isa take?

Na roƙe shi ya sa mini abin a wayata. Ya sa mini, ba da son ransa ba. Daga baya ya sha gaya mini cewa bai taɓa yin abin da ya yi nadama kamarsa ba.

Manhajar tana da wani ɗan sauti, kamar an ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi. Duk inda ƙasa ta girgiza a duniya, sai ta yi shi. Ban san ƙasa ba ta hutawa ba sai a wannan tafiyar. Daga Yendi zuwa Bawku ta yi ƙara ta fi sau goma. Kowane lokaci sai gabana ya faɗi, in zaro wayar daga lalita, in ga sunan wani tsibiri da ban iya furtawa ba, da lamba a gefensa. Matar da ke kusa da ni a mota ta ce, "Hajiya, masu nemanki da yawa." Na yi mata murmushin yaƙe.

A Bawku ina sauka wurin wata dattijuwa mai sayar da hatsi, wadda muka fi shekara ashirin muna hulɗa. Bawku gari ne da ya san fargabar rikici. Amma fargabar can tana da kamanni: ka san lokacin da ya kamata ka shige gida, ka san hanyar da ba a bi, in abu ya taso kana jin sa daga nesa. Abin da ya kama ni ba shi da unguwa, ba shi da lokaci. Ina awon wake, ina sauraron lalitata.

Ranar Litinin da azahar wani saƙon murya ya shigo zauren matan kasuwa da muke da shi a waya. Namiji ne, muryarsa a natse, ba ta mai wasa ba. Ya fara da sallama da addu'a. Ya ce masana a ƙasashen waje sun hango a na'urorinsu cewa ranar Juma'a mai zuwa, tsakanin saukowa daga masallaci da la'asar, ƙasa za ta tsage a bakin tekun Akra. Ya ce ƙaramar da aka ji kwanan baya gargaɗi ce. Ya ce manya sun sani, sun kwashe iyalansu, sun yi shiru don kada gari ya rikice. Duk wanda ke da ɗan'uwa a gidan bene, ya gaya masa. Tare da saƙon akwai hoto: taswira, da jan da'ira a kan Akra.

Taswirar irin tawa ce sak. Launinta, rubutunta, komai. Wannan shi ne ya karya ni. Na ce a raina, ai na ga abin nan da idona yana faɗin gaskiya sau goma a rana.

Na koma bayan buhunan gero na kira ƙanena. Yana tsakiyar aji, ya fito.

"Yaya, ƙarya ce. Da'irar nan da hannu aka zana ta. Ki buɗe taki ki gani, babu komai."

"Wataƙila tasu ta fi tawa."

"Babu wadda ta fi. Na'urar tana faɗin abin da ya riga ya faru ne. Ba ta ganin gobe. Babu wani masani a duniya, ko a Japan, da zai ce miki rana kaza, ƙarfe kaza. Iyakarsu su ce wuri kaza yana da haɗari, wata rana zai motsa, ko bana ko bayan jikokinmu. A wasu ƙasashen wayarka takan yi ƙara 'yan daƙiƙu kafin girgizar ta iso inda kake, shi ma don ta riga ta fara ne a wani wuri."

"Ya ce ƙaramar gargaɗi ce."

"Wani lokaci ƙarama takan zo kafin babba. Sau da yawa kuma takan zo ita kaɗai, shi ke nan. Ba a sanin wacce ce wacce sai bayan komai ya wuce."

Sannan na yi masa tambayar da har yau nake jin nauyinta.

"To rantse mini. Ka ce wallahi ranar Juma'a ba abin da zai faru."

Na ji numfashinsa. Ƙanena bai iya ƙarya ba tun yana yaro, ko da za ta cece shi daga bulala.

"Yaya, ba zan iya rantsewa ba. Ban sani ba. Amma shi ma mutumin nan bai sani ba. Juma'ar nan daidai take da kowace rana."

Ƙarshen maganarsa bai shiga kunnena ba. Farkon kaɗai na ɗauka: bai iya rantsewa ba. Ga wani ya faɗi rana da lokaci ba tare da inda-inda ba, ga nawa mai ilimin yana cewa bai sani ba. Tsoro ya fi son mai magana da tabbaci.

Tun da aka ɗaura auren 'yata ban taɓa kiran surukina a waya ba. Akwai kunya tsakaninmu. In mun haɗu a tsugune yake gaishe ni, ni kuma ina kallon gefe. Ranar nan na kira shi. Ya ɗauka da sauri, ya zaci mutuwa aka yi. Na ce ina so ya turo mini ita gida kafin Juma'a.

"Mma, mu ma mun ji saƙon. An ce ba gaskiya ba ne. Kuma nas ta ce kada ta yi doguwar tafiya, saboda abin da ya faru a baya."

"Nas ɗin ce za ta tono ta in bene ya rufta?"

Ya ce ko su koma gidan wani abokinsa da ba bene ba, su wuni can ranar Juma'a. Shawara ce mai kyau, yanzu na sani. Na ce ai an ce ƙasar ce za ta tsage, ba bene kaɗai ba. Na yi kuka. Na ce masa ban taɓa roƙonsa komai ba. Na faɗi wasu maganganu game da haƙƙin uwa waɗanda ba zan maimaita ba.

Da la'asar 'yata ta kira. "Mma, in zuwana ne zai sa hankalinki ya kwanta, zan zo." Ba ta ce tana tsoron girgizar ba. Ni take ji wa tsoro.

Mijin ba zai iya barin aiki ba, sai ya haɗa ta da gwaggonsa, ya sa su a motar wani direba da ya sani, mai bin hanyar gabas, ta Nkwanta da Bimbila zuwa Yendi. Muka shirya in tarye su a gidan ƙanena, mu wuce Salaga tare. Sun tashi ranar Laraba da asuba. Ruwa ya ɓata hanya, motar ta kafe sau biyu, dole suka kwana a Nkwanta. 'Yata ta ce mini lafiyarta ƙalau, sai dai bayanta ya gaji.

Ranar Alhamis na bar kayana a hannun dattijuwar, na shiga motar Yendi. Wajen sha ɗaya na safe gwaggon ta kira. Ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Ana jin ƙugin mota da hayaniyar mutane a bayanta.

"Hajiya, mun wuce Bimbila. Yarinyar nan tana ciwon mara tun ɗazu, ta hana ni faɗa. Yanzu kuma ruwa ya fashe."

Na ce, "Jini fa?"

"Akwai kaɗan. Direba ya ce..."

Layin ya yanke. Na kira, bai shiga ba. Na sake kira. Mun shiga wani yanki na daji da babu sabis, gonakin dawa hagu da dama, sai itatuwan kaɗanya. Na riƙe wayar da hannu biyu ina kallon saman fuskarta, inda sandunan sabis suke, babu ko ɗaya. Na karanta duk addu'ar da na sani, na koma farko. Wani dattijo a kujerar gaba ya juyo ya ce lafiya? Matar da ke gefena ta riƙe mini gwiwa.

Da muka hau wani tudu wayar ta yi ƙara. Na kusa yar da ita don gaggawa. Cokali a jikin kofi. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku, a wani wuri mai nisa. Kafin mu sauka daga tudun ta sake yi, wata kuma a wani wurin. Ga wayar da ke iya gaya mini abin da ya faru a ƙasan teku minti biyar da suka wuce, amma ba ta iya gaya mini ko 'yata na da rai a kan hanyar da ke gabana. Sabis ya sake ɗaukewa. Haka muka yi kusan awa biyu.

A wani ƙauye kiran ƙanena ya shigo. Ya ce direban ya sauke sauran fasinjoji a bakin hanya da yardarsu, ya wuce da ita kai tsaye asibitin Yendi, shi ƙanen nawa kuma yana can tare da matarsa. "An shiga da ita. Ki zo kawai, Yaya." Na tambaye shi tana magana? Ya ce, "Ki zo kawai."

Na iso bayan la'asar. Gwaggon na zaune a kan benci, zanenta duk ya ɓaci. Ta tashi ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni wuri. Ba ta ce mini komai ba game da dalilin tafiyar, ni ma ban iya haɗa ido da ita ba. Kafin magariba wata nas ta fito ta ce an yi mata aiki, an ciro namiji. Uwar ta zubar da jini da yawa, ana ƙara mata. Yaron bakwaini ne, an sa shi a kwalba, sai dai a yi ta addu'a.

Washegari aka bar ni na leƙa shi ta gilashi. Bai fi tsawon tafin hannuna biyu ba. Fatarsa ja, ƙirjinsa na shiga yana fita da sauri kamar na ɗan tsako, an sa masa siririyar roba a hanci. Na tsaya ina ƙirga numfashinsa har nas ta ce in fita.

Ranar Juma'a ce. Na zauna a barandar asibitin, na ji kiran salla, na ga maza suna fita da dardumansu, na ga sun dawo. Kunya ta ishe ni in faɗa, amma na ciro wayar. Na ja taswirar zuwa Akra na zuba mata ido. Surukina yana hanya a lokacin, amma akwai maƙwabtansu, akwai dubban mutane. Wani ɓangare na zuciyata yana roƙon Allah ya kare su. Wani ɓangaren kuma, Allah ya yafe mini, yana jiran jan ɗigo ya fito, don kada a ce a banza na jawo wannan. Aka kira la'asar. Taswirar tana nan fes. A zauren matan kasuwa ba wanda ya sake ta da zancen. Wata ta turo hoton atamfa tana tambayar ra'ayi.

Surukina ya iso ranar Asabar da safe, idanunsa jajur, ƙafafun wandonsa duk jar laka. Na shirya wa duk abin da zai faɗa. Ya zo gabana ya tsuguna kamar kullum.

"Mma, sannu da wahala. An gode Allah da kuna kusa."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ta yi kwana tara a asibiti, yaron ya yi mako biyar. An raɗa masa suna yana cikin kwalba, ba taro, ba kiɗa, sai rago da ƙanena ya yanka a gidansa. Sau biyu numfashinsa na tsayawa, ana tayar da shi. Na tambayi likitan, wata rana da na same shi shi kaɗai, ko tafiyar ce ta jawo. Ya ce mai yiwuwa, mai yiwuwa kuma ko tana kwance a gadonta hakan za ta faru, tun da ta yi ɓari a baya. Ba zai iya cewa tabbas ba. Na lura masu sani duka haka suke magana.

Na kai su Salaga, na yi mata wankan jego da hannuna, na dama mata kunun kanwa, na goya yaron a ƙirjina cikin zane kamar yadda aka koya mana. Ba ta taɓa ce mini laifina ne ba. Sau ɗaya dai, wayar ta yi wannan ƙarar muna zaune, sai ta ce a hankali, "Mma, don Allah." Na miƙa wa ƙanena da ya zo, ya kashe sautin. Ya so ya goge manhajar baki ɗaya, na hana. Har yanzu nakan buɗe ta bayan sallar asuba, in duba, in rufe.

Kafin su koma, ƙanena ya zaunar da surukina ya gaya masa abin da ke hannun mutum: kada a ajiye kabad mai nauyi kusa da gado, in ƙasa ta motsa a shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi maimakon rububin matakala, in za a sake haya a dubi ginin da kyau. Bayan 'yan watanni suka tashi daga benen, suka koma wani gida na ƙasa. Har yanzu dai a wannan yankin ne, don can aikinsa yake.

Yaron yana da shekara ɗaya da rabi, ya fara takawa, ƙanena ya zo Salaga ta'aziyyar wani ɗan'uwanmu. Muna cin abinci ya ce, "Ashe an sake jin motsi a Akra makon jiya." Ya ga fuskata, ya gane ban sani ba. Ba wanda ya yi hasashenta, ba saƙon murya, ba da'ira. Wata ranar aiki ce da rana tsaka, kuma a wannan karon ma ba ta hau taswirata ba. Sau uku muka yi waya da 'yata a cikin makon, muka yi zancen haƙoran yaro da tsadar kifi.

Na fita bayan gida na kira ta.

"An ce ƙasa ta motsa."

"E, Mma. Kaɗan ne. Muna ƙarƙashin tebur ni da yaron, dariya ma yake yi."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

Ina jin yaron yana buga wani abu a ƙasa.

"Mma, da na faɗa miki, me za ki yi?"

Na juya na kalli ƙofar gida. Masu ta'aziyya suna ta shigowa, ana nemana a ciki. Na ce ta ba yaron wayar in ji muryarsa. Ya yi ta huci a kunnena yana gwalantu, sannan ya danna wani abu, layin ya katse.